Uwar Tukwane Ba Ta da Takarda

Ku da kuke tsayawa a bakin rumfar nan kuna riƙe da ƙugu, kuna cewa ai zubin tukunya ba wani abu ba ne, a narke a zuba kawai, to Allah ya ba ku lafiya. Jiya ma wani a cikinku ya ce da zai sami gawayi da gwangwani, kafin la'asar ya fitar da guda biyar. Na ce masa haka ne, tuwo ma ai ruwa ne da gari, sai dai ban taɓa ganin ka tuƙa ba. Ni ne Mani mai zubi, tun ban fara gemu ba nake shaƙar hayaƙin nan. Ku ja baya daga bakin wutar ku zauna, in gaya muku yadda bakina ya ja mini asarar da har yau ban mayar ba.

Aikin farko da maigidana Malam Arzika ya ba ni bai shafi wuta ba ko kaɗan. Buhu ya miƙo mini, da maganaɗisu da ya ciro daga cikin mataccen rediyo, ya ce in bi jujin Illela ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da maganaɗisu ya kama ba namu ba ne, na maƙera ne. Wanda ya yi fari, ba shi da nauyi, maganaɗisu ya ƙi shi, shi ne namu. Mu dalma muke ce masa, 'yan boko su ce alminiyam. Fasasshiyar buta, murfin da jaki ya taka, ludayi mai karyayyen hannu, fistan babur da ya ƙone, duk abinci ne a wurinmu. Shekara biyu cur ina wannan tono, har kajin unguwar 'yan canji suka daina gudu in sun gan ni, sun ɗauke ni abokin aiki.

Kuma ba ni kaɗai ba ne a jujin. Masu fitilar aci-balbal suna tsintar gwangwanin madara, masu takalmi suna jan tsohuwar taya, in shara ta ruɓe manoman ƙauyukan Garu da Lafani su zo da jakuna su kwashe ta zuwa gona. Mace ta kawo mana matattun tukwane uku, mu ba ta sabuwa ɗaya. Abin da gari ya zubar ranar Asabar, ranar Lahadi ta sama yana kasuwa ana tayawa, wani lokaci ma wanda ya zubar shi ne zai saya.

Bayan juji sai ƙasa. Yashi ne mai laushi da ɗan yumɓu, a tankaɗe, a yayyafa ruwa. In ka dunƙula a hannu ta riƙe zanen yatsunka ba ta manne maka ba, ta yi. In ruwa ya yi yawa, narkakkiyar dalma ta taɓa ta, sai ta yi tsartuwa ta biyo fuskarka. Ku dubi girata ta hagu. Ba haka aka haife ni ba. Malam Arzika bai ce mini sannu ba ranar, cewa ya yi, "To yanzu ka san ruwa." Daga nan ya fara barina in taɓa akwatin zubi.

Akwatin katako ne hawa biyu. Za ka cika cikin tukunyar samfuri da ƙasa, ka daddanna, ka kife ta, ka barbaɗa toka don kada sama da ƙasa su manne, ka ɗora akwati na biyu, ka sake dannawa, ka bar rami ɗaya na zubi. Sai ka ɗaga a hankali, kamar mai ɗaukar jariri yana barci, ka zare samfurin, ka mayar da akwatin. Gurbin da ta bari shi dalma za ta cika. Wannan tukunyar samfuri ita muke kira uwa. Duk abin da ke jikin uwa sai ya fito a jikin ɗiya, ko da ƙarzunar farce ce.

Uwarmu kuwa ba irin ta kowa ba ce. Malam Arzika ya samo ta a Ƙonni, can tsallaken iyaka a Nijar, tun yana saurayi, ya ɗauko ta a ka ya shigo da ita. Tukunyar Turawa ce mai kauri, mai kunne biyu, santsi kamar ƙwai, ba a taɓa ɗora ta a wuta ba ko sau ɗaya. A gindinta akwai rubutun boko da ya taso, layi biyu. Don haka duk tukunyar da muka zuba sai ta fito da rubutun nan raɗau. Mata suka gane, suka daina sayen wadda ba ta da shi. Za ka ga tsohuwar da ko alifun ba ta sani ba ta kife tukunya tana shafa gindin da yatsa, tana gyaɗa kai. Mu kuma a kasuwa muna ta kururuwa, "Ɗiyar Hwaransa! Ga ɗiyar Hwaransa!" Na taɓa tambayar maigidana ko wannan ba ƙarya ba ce. Ya ce, "Tukunya tana da uba? To wanda ba shi da uba ai dangin uwa shika bi." Da ya rasu, 'ya'yansa suka raba gida da gona, ni aka bar mini uwa. Na tabbata a ransu sun ce sun cuce ni, ni kuwa na san ni na fi kowa rabo.

Sai muguwar shekara ta zo, a tsakiyar shekarun tamanin. Ruwa ya ƙi, hatsi ya yi wuya, aka kuma rufe iyaka. Tarkacen dalma da ke shigo mana daga Ƙonni ya tsaya cak. Muna cikin wannan sai ga dokar tsabtar gari, kowace Asabar ɗin ƙarshen wata kowa ya fito da tsintsiya, wanda ya ƙi ya sha tsallen kwaɗo. Aka kwashe jujin Illela kaf, aka kai bayan gari, aka haƙa ƙaton rami aka binne. Gari ya yi fes, ana ta yabo a rediyo. Mu masu cin abinci a juji muka zauna muna kallon juna. Na yi yini guda ina yawo da maganaɗisu, abin da na samo bai cika aljihu ba.

Da kyar na tara matattun tukwanen mata na wata huɗu, na zuba guda ashirin da biyu. A cikin gari ba mai saye, wa zai sayi tukunya ba shi da abin zubawa a ciki? Na ari jakuna biyu na ɗaura musu tukwanen, na nufi Lafani da sassafe ko zan samu a ba ni gero. Ban yi nisa ba na ci karo da shinge. Wasu masu kaki ne da aka jibge don hana shigo da kayan waje. Shugabansu dogon mutum ne daga gabas, Hausarsa irin ta rediyo. Mutanen gari sun sa masa suna Bari-in-gani, don kome ka ɗauko, ko ciyawa ce, abin da zai fara faɗa ke nan.

"Bari in gani," in ji shi.

Na sauke. Ya ɗauki ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya kife ta, ya ga rubutu. Ya kife ta biyu, ya kife ta uku. Ya dube ni kamar ya kama kura da akuya a baki.

"Kayan waje. Ta ina ka shigo da su?"

Na yi dariya, don wallahi na ɗauka wasa yake. Na ce, "Ranka shi daɗe, wane waje? Waɗanga ko bakin kasuwa ba su taɓa wucewa ba. A bayan gidana anka haihe su, daga tarkacen juji."

"Juji," ya maimaita. "Kana so ka ce mini jujin Illela ya iya Faransanci?"

Yaransa suka bushe da dariya. Aka kora ni da jakunan zuwa ofishinsu, wata rumfar kwano a bakin hanya. Ya ce shi ba ya zalunci, sai da shaida. Ya aika aka kira Alhaji Nomau ɗan canji, wanda ya iya karatun Faransanci saboda hulɗa da sefa. Alhaji Nomau mutumina ne, ya zo da niyyar taimako, amma ba wanda ya gaya masa mene ne laifin. Shi a zatonsa ana zargina da sayar da jabu. Ya sa tabarau, ya karanta da ƙarfi, ya ce layin farko na cewa an yi ta a Faransa, na biyu na cewa tana cin lita goma sha biyu. Sannan ya dafa ƙirji ya ƙara nasa. "Ranka shi daɗe, Mani ba shi sayar da na banza. In ya ce ta Hwaransa ta, to ta Hwaransa ta. Ni shaida na."

Ina ƙifta masa ido, shi kuma yana ɗaga mini gira, wai ya gyara mini. Kafin in buɗe baki sai ga Inna Tumba mai tuwo, wadda ke kawo wa masu kakin abinci. Ta ji ana maganar tukwanena, ta ajiye kwano ta shiga. Ta ce shekara bakwai tana saye a wurina, kuma ba ranar da ban rantse mata cewa ɗiyar Faransa ce ba. Ta ce duk wanda ya ce tukunyar Mani ta gida ce, hassada ce ke cinsa.

Bari-in-gani ya ce, "Ka ji? Mutanenka ne, ba ni na kawo su ba."

Ran nan na san abin da ake nufi da baki shi ke yanka wuya. Na rantse, na maimaita, na nuna masa tabon wuta a hannuwana, na nuna masa girar. Ya ce gira ba takarda ba ce. Daga ƙarshe na ce, to a bar ni in zuba ɗaya a gabansa. Ya ce ya yarda, gobe da hantsi, a nan gaban ofis. In ta fito da rubutu, in kwashi kayana. In ba ta fito ba, ni da jakunan sai Sakkwato.

Washegari na kawo akwati, da ƙasa, da gawayi, da kaskon narki, da keken hura wuta, da uwa a naɗe cikin tsohon bargo. Sai matsala ta taso, babu abin narkawa. Na ce a ba ni ɗaya cikin ashirin da biyun nan. Ya ce a'a, waɗannan shaida ne, ba a narka shaida. Kuma ai cewa na yi daga juji, to daga juji yake so ya gani. Na ce, "Ranka shi daɗe, jujin ai an binne shi." Ya ce, "A tono."

Haka aka yi, wallahi. Masu kaki shida da shebur, ni a gaba da maganaɗisu, muka nufi bayan gari. Mutanen da makon jiya suke sa mutane tsallen kwaɗo a kan ɓawon rake, yau su ne tsundum cikin rami suna miƙo mini ruɓaɓɓen takalmi suna tambaya, "Wannan fa, dalma ce?" Ku kun san Illela, ba a ganin hukuma na tono a yi shiru. Kafin azahar labari ya zaga cewa wani attajiri ya binne buhun sefa a ramin. Gari ya fashe. Masu fartanya, masu galma, har da wani liman da ya ce shi kallo kawai ya zo yi, amma da kwando a hannunsa. Manoman Garu da suka zo wucewa ba su tambayi kowa ba, suka shiga loda wa jakunansu taki, suna sa wa gwamnati albarka. Iska ta ɗebi abin da ya rage ta mayar cikin gari. Sharar da aka yi wata da watanni ana kwashewa, a yini ɗaya ta koma gidajen masu ita.

Mu dai mun sami abin da muke nema: rabin buta, murfi uku, gindin fitila, fistan biyu, da wata lanƙwasasshiyar faranti. Na gasa su a gefen wuta don su bushe sarai. Wani ƙato a cikin masu kakin, mai igiya biyu a hannun riga, shi aka sa juya keken wuta. Yana juyawa yana zufa yana harara ta, ni kuma na samu dama, ina ce masa, "Da ƙarhi, samari, wagga ba wutar shayi ba ta." Tarkace ya narke ya zama ruwa mai sheƙi, na kwashe dattin da ya taso, na kama kasko da awartaki na zuba a numfashi ɗaya. In hannunka ya tsaya a tsakiya, ko na ƙiftawar ido, tukunya za ta fito da tsaga. Mutum ya fi ɗari a tsaye, ba ka jin ko tari.

Da ta huce kaɗan na fasa ƙasar, na kife ta, na goge gindin da tsumma. Ga rubutu layi biyu, raɗau. Inna Tumba ta rafka salati. Wani daga baya ya ce, "Sannu da zuwa! Ya mutanen Hwaransa?" Aka kwashe da dariya. Bari-in-gani ya sunkuya ya sa yatsa ya shafa rubutun, ya ƙone, ya sa yatsan a baki. Can ya miƙe ya ce, a gaban kowa, "Malam Mani, na zalunce ka. Kayanka na gida ne. Kwashi abinka." Har ya ba ni hannu. Ba mugun mutum ba ne, kada ku ce na ce.

Da na tattara na tafi a lokacin, da yau ba wannan labari nake ba ku ba. Ina cikin naɗe uwa a bargo, sai ya ce, "Bari in gani. Wannan fa, da ka danna a ƙasa?"

Na ce uwa ce, ita ke ba su kama.

"Ita ma kai ka zuba ta?"

Kalma ɗaya ce tsakanina da gida. In ce i, shi ke nan, wa zai musa? Yanzun nan ya ga na yi irinta da idonsa. Amma kaina ya kumbura. Kwana biyu ana wulaƙanta ni, yanzu ga jama'a na kallona kamar wani sarki. Kuma a raina na ji ba zan iya haɗa ta da 'ya'yan juji ba, kamar in ce uwata baiwa ce. Sai na ɗaga ta sama don kowa ya gani, na ce, "Wagga? Haba, ranka shi daɗe! Wagga ita ta ta gaskiya. Daga Hwaransa tat taho, maigidana yad ɗauko ta a kai tun daga Ƙonni."

Ya ce, "Madalla. Ina takardarta?"

Alhaji Nomau ya dafe kai. Na ce wace takarda, abin da ya shigo tun ba a haifi rabin mutanen nan ba? Ya ce shi dokar da aka ba shi ba ta faɗi shekara ba, ta ce kayan waje marar takarda. Da bakina na faɗa, a gaban shaidu. Na ce ya ɗauki ashirin da biyun, ya haɗa da sabuwar, ya bar mini ita. Ya ce, "Me zan yi da kayan gida? Waɗannan halalinka ne." Na durƙusa. Ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai maigidana, na durƙusa a gaban jama'a ina roƙo. Ya rubuta wani abu a littafinsa, ya sa aka shiga da ita ciki. Bargon kawai aka miƙo mini. Bayan wata biyu aka yi masa canjin wurin aiki, na je tambaya, aka ce ba wanda ya san zancen wata tukunya.

To sana'a ba ta tsayawa. Na zaɓi mafi kyau a cikin 'ya'yan, na goge ta da magagari, na mai da ita uwa. A nan ne za ku koyi abin da ba a gani daga bakin rumfa. Dalma in ta huce tana ɗan tsukewa. Ɗiya ba ta taɓa kai girman uwa, da ɗan kaɗan ne, ido ba ya kamawa. Kuma tukunyar zubi ba ta jure bugun da ake yi wa uwa, shekara ɗaya kunne ya tsage, sai ka ɗauki ɗiyarta ka maye gurbi. Jika ta fi ɗiya ƙanƙanta, tattaɓa-kunne ta fi jika. Rubutun ma yana dusashewa, har ya koma kamar sawun kaza a laka. Gindi yana nan yana cewa lita goma sha biyu, ciki kuwa ya san ba haka ba ne. Inna Tumba ta fara zargin 'yan aikinta da satar tuwo, don malmala biyu na ɓacewa a kowace tukunya. Na ji, don kunya na bar ta da zarginta.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin, an buɗe iyaka, juji ya dawo da albarkarsa. Wata ranar Lahadi wani ɗan gwangwan mai sayar da tarkace daga hanyar Sakkwato ya zazzage mini buhu a gaban rumfa. Ina tsintsa sai hannuna ya ji wani nauyi da ya sani. Uwa ce, baƙa ƙirin, ta sha wuta har ta gaji, kunne ɗaya babu, gefe ya lotse kamar mota ta bi ta kai, ga rami a gindi da ɗan yatsa zai shiga. Na tofa yawu na goge. Abin da ya rage na rubutun yana nan da kaifinsa, irin wanda ba ɗiyar da ta taɓa fitowa da shi. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ba na ɓoyewa. Ɗan gwangwan ya ɗauka tsada ya yi mini, ya fara ragi.

Kwana uku ina juya ta ko za ta gyaru. Ba ta gyaruwa. Uwa mai lotsa 'ya'ya masu lotsa za ta haifa. A rana ta huɗu na hura wuta, na sare ta gida huɗu, na narka ta ita kaɗai, ban haɗa ta da ko murfin kwalba ba. Na danna ƙasa da tattaɓa-kunnenta, na zuba. Gurbi ya cika har ya tumbatsa, ga sauran dalma a kasko, duk da kunnen da ta rasa da ramin da ke gindinta. A nan na ga iyakar abin da na yi asara, da awo. Ragowar ta ishe ni ludayi guda, babba.

Da yamma sai ga Inna Tumba tana neman tukunya. Na miƙa mata ita. Na ce, "Inna, riƙe wagga da kyau. Wallahi tallahi ta Hwaransa ta, tun daga baki har gindi."

Ta kife ta, ta shafa rubutun da ya dusashe, ta taɓe baki.

"Mani, ka tsuhwa ba ka bar ƙarya ba? Ai mun gani da idonmu. Ta juji ta. Rage mani."

Na rage mata. Na ɗora ludayin a ciki na ce gyara ne, ta tafi da su tare, kada ta raba su.